Yadda ake gutsura dogayen sunayen harshen Norwe a furta su daidai

Duk babban mutumin da ya fara koyon harshen Norwe, abin da ke fara razana shi a takardun hukuma shi ne kalma irin oppholdstillatelse, wato izinin zama a ƙasa. Haruffa 18 ne jere, babu inda za a huta. Ina yawan zama da sababbin masu koyo, kuma abin da nake nanata musu kullum shi ne: ba tsawon ne matsala ba. Gajerun kalmomi ne guda biyu ko uku aka ɗinke, kuma idan ka gano bakin ɗinkin, furuci da ma'ana duk za su zo maka tare.

Ka fara karantawa daga ƙarshe. A Hausa muna sa ainihin abin a gaba, mu ce motar asibiti. 'Yan Norwe kuwa a baya suke ajiye shi. Ɗauki jernbanestasjon. Ƙarshenta stasjon ce, tasha. Abin da ya rage, jernbane, layin dogo ne, shi ma haɗin jern, ƙarfe, da bane, hanya. To ka ga tashar jirgin ƙasa ke nan. Wannan kalma ta ƙarshe ita ce ke yanke jinsin sunan gaba ɗaya. Ana cewa et hus, gida, don haka asibiti et sykehus ne. Ana cewa en bil, mota, don haka motar ɗaukar marasa lafiya en sykebil ce. Ba sai ka haddace jinsin kowane harɗaɗɗen suna ba, na wutsiyarsa ya wadatar.

Daga nan sai ka nemi mahaɗi. Sau da yawa akwai ƙaramin harafi, s ko e, da ke zaune tsakanin sassan biyu. Arbeid da dag sun ba da arbeidsdag, ranar aiki. Barn da hage sun ba da barnehage, makarantar renon yara. Haka skattekort, katin haraji, da fødselsnummer, lambar shaidar nan mai lambobi 11. Babu wata ƙa'ida guda da za ta gaya maka ko wane mahaɗi za a sa a ko'ina, amma akwai wuraren da za ka iya dogara da su. Kalmar da ta ƙare da -het, -sjon ko -tet kusan kullum s take ɗauka: sikkerhetsbelte, stasjonsmester, universitetsbibliotek. Haka nan idan sashen farko shi kansa harɗaɗɗe ne, s takan shigo: vinglass, kofin giya, ba ta da s, amma rødvinsglass, kofin jan giya (rødvin), tana da ita. Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne, mahaɗi na sashen farko ne. Arbeids sannan dag, ba arbeid sannan sdag ba.

Ka yi hattara da yanka kalma bisa abin da ido ya fara gani. Su kansu 'yan ƙasar suna buga misali da brusautomat, injin sayar da lemon kwalba. Idan ka yanka ta bru, sau, tomat, ka samu gada da tunkiya da tumatir, kuma kowace kalma ce ta gaskiya. Daidai shi ne brus da automat. Gwajin mai sauƙi ne: sassan da ka fitar, in an haɗa su, suna ba da abin da ya dace da jimlar?

Yanzu nauyin furuci, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar. Harɗaɗɗen suna, komai tsawonsa, gaɓa ɗaya ce ke ɗaukar babban nauyi, kuma a sashen farko take. SY-ke-hus. BAR-ne-ha-ge. OPP-holds-til-la-tel-se. Sauran sassan ba a haɗiye su ba. Kowane yana riƙe da ɗan nauyinsa, kuma dogon wasali yana nan da tsawonsa. A sykehus, u ɗin hus dogo ne har yanzu, sai dai ba a buga shi da ƙarfi.

Lura da cewa na ce sashen farko, ban ce gaɓar farko ba. Nan ne mutane da yawa ke zamewa. Kalmomin aro irin kontor, ofis, da stasjon da banan, ayaba, nauyinsu a gaɓar ƙarshe yake, kuma ba sa sakinsa don sun shiga haɗi. Saboda haka kon-TOR-stol, sta-SJONS-mes-ter, ba-NAN-skall. A yankin Trøndelag da wasu ƙauyukan gabas za ka ji an ja nauyin zuwa gaɓar farko, a ce BAN-nan. Wannan karin harshensu ne, ba kuskure ba ne. Akwai kuma 'yan tsirarun da suka bijire wa ƙa'idar, irin sko-MA-ker, mai ɗinkin takalma, da sunan birnin Kristiansand da nauyinsa ke kan sand. Waɗannan haddace su ake yi.

Me ya sa na damu da wannan har haka? Domin nauyin shi ne ke gaya wa mai sauraro ko kalma ɗaya ka faɗa ko biyu. En STOR-by babban birni ne. En stor BY kuwa gari ne kawai mai girma. A rubuce ma haka: røykfritt na nufin an hana shan taba a wurin, amma røyk fritt, da sarari a tsakani, cewa yake ka sha tabarka yadda kake so. Lammelår cinyar ɗan rago ce, lamme lår kuwa shanyayyun cinyoyi. Hukumar kula da harshen, Språkrådet, ta daɗe tana jan hankalin mutane kan wannan raba kalmomi. Wanda ya saba furta nauyi ɗaya, da wuya hannunsa ya saka sarari inda bai kamata ba.

Sai karin sauti, inda Bahaushe ya shigo da jari a hannu. Kunnen da ke bambanta kukan yaro da kukar miya ba zai sha wahalar jin bambancin bønder, manoma, da bønner, wake, ba. Baƙaƙe da wasulansu ɗaya ne a baki, don ba a furta d ɗin. Kari ne ya raba su. A furucin Oslo, kari na ɗaya yana farawa ƙasa ya hau, na biyu kuwa yana farawa sama, ya sauko, sannan ya hau. A harɗaɗɗun sunaye, mahaɗin e yana kawo kari na biyu, kamar a barnehage da juletre. Kalma mai gaɓa ɗaya da s ta biyo ta takan ɗauki na ɗaya, kamar landsmann. Idan kuma sashen farko mai gaɓoɓi da yawa ne, yakan shigo da karinsa na asali: kirke na biyu ce, kirketårn ma haka. A Bergen da arewacin ƙasar waƙar ta bambanta, wasu yankunan ma ba su raba karin biyu kwata-kwata. Shawarata ita ce ka zaɓi furucin wuri ɗaya ka bi, kuma kada ka bari kari ya hana ka buɗe baki. Ko ka yi kuskuren kari, za a gane abin da kake nufi. Kuskuren nauyi ne ke sa a ce ka maimaita.

Wani ɗan abu a bakin ɗinkin: a gabas da arewa, idan r ta haɗu da s, sai su narke su zama kamar sh, don haka vårsol, hasken ranar bazara, ana jin ta kamar våshol. A Bergen da Stavanger, inda ake furta r daga maƙogwaro, ba haka ba ne.

Idan layi ya ƙare kana tsakiyar rubuta kalma, ka sa karan ɗori a bakin ɗinkin, mahaɗi ya zauna a sama: arbeids-dag, barne-hage. Harshen ba ya jera baƙi iri ɗaya sau uku, shi ya sa natt da tog suka zama nattog, jirgin dare, fotball da lag suka zama fotballag. Amma da zarar ka raba su a ƙarshen layi, harafin da aka zubar sai ya dawo: natt-tog, fotball-lag. Kada kuma ka raba sj, skj ko kj, don sauti ɗaya ne.

Don atisaye, ɗauki fensir da kowace takarda da ta zo maka, ka ja tsaye a kowane bakin ɗinki, ka ja layi ƙarƙashin gaɓa mai nauyi, sannan ka furta kana buga tebur sau ɗaya tak a kanta. Inda ka yi shakka, ƙamus ɗin NAOB da ke intanet yana nuna nauyi da kari, labaran rediyon NRK kuwa cike suke da irin waɗannan sunaye. Gwada da menneskerettighetsorganisasjon, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam: menneske, rettighet, s, organisasjon. Bugun yana kan MEN, ɗan nauyi a ret, wani a sjon, kuma numfashi ɗaya ya isa.