Kafin ka ɗora bulo a fili a Legas

Aiki ya yi ƙaranci, siminti ya yi tsada, shi ya sa birkila ke karɓar ginin katanga ba tare da ya tambayi takarda ba. Nan rigimar iyaka ke farawa.

Mai saye, ka karɓi taswirar filin, ka kai ofishin Babban Safiyon Jihar Legas a Alausa, Ikeja, a duba ko gwamnati ta riga ta karɓe wurin. Sannan lauyanka ya binciki takardar C of O, wato shaidar mallakar fili da gwamnati ke bayarwa, a rajistar filaye. Rasidin omo onile ('yan asalin wurin masu sayar da filaye) kaɗai ba ya kare ka. Sukan sayar wa mutum biyu fili ɗaya. Idan filin gado ne, sai shugaban iyali da manyan gidan sun sa hannu. Dokar filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin mallaka ta koma hannunka.

Kai kuma maigini, kada ka ja igiya sai safiyo mai rajista ya nuna maka duwatsun iyaka, lambobinsu sun dace da na taswira. Dutse ya ɓata? A dakata, a kira maƙwabci, a sake awo a gabansa. Katangar da ta shiga filin wani, kotu na iya sa a rushe ta.