Kurakuran da aka fi yi wajen gina ɗakin kaji a gida

Yawancin masu fara kiwon kaji a gida sanyi suke wa tsoro. Shi ya sa da an kira magini sai a ce ya ja bulo har sama, ya bar 'yar taga ɗaya, a rufa kwano, a sa ƙofar ƙarfe. Ginin ya yi kyau a ido, amma a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, ɗakin ne zai fara kashe kajin kafin wata cuta ta iso. Kaza ba ta gumi. In zafi ya dame ta sai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai, ta rage ci. Ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. Buroila, wato kajin nama, masu nauyi su ke fara faɗuwa, galibi tsakanin azahar da la'asar.

Bango layi biyu ko uku na bulo ya isa a dogayen ɓangarori biyu, sauran har rufi a sa ragar waya, iska ta shiga nan ta fita can. Wanda ya riga ya gina rufaffe ba sai ya rushe ba: a fasa manyan tagogi masu kallon juna, a sa musu waya. Rufin ya kai mita biyu da rabi a tsakiya in da hali, domin kwanon da ya sauko kusa da kan kaji gasa su yake yi. A shimfiɗa zana ko karan dawa a samansa, ko a shafa masa farin fenti. Rufin ciyawa ya fi sanyi nesa ba kusa ba, sai dai ɓeraye na son sa, ga tsoron gobara.

Inda ɗakin ya fuskanta ma ba a cika tambaya ba, duk lungun da ya rage a tsakar gida nan ake cusa shi. Ya kamata tsawonsa ya miƙe daga gabas zuwa yamma, yadda rana za ta bi ta saman rufi, ba ta leƙo ta waya da hantsi da yamma ba. Gajerun bangayen gabas da yamma su ake rufewa har sama. Na gabas yana da wani amfanin: a ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, feshin ruwa ta nan ya fi dukan gini. Bakin kwano kuma ya zarce bango da kamar santimita 60 zuwa 90. Masu gini kan yanke shi daidai bango don a rage kuɗin kwano, ruwan farko na damina ya jiƙa shimfiɗa gaba ɗaya.

To, hunturu fa? Labulen buhu ya wadatar. A sauke shi da dare ta inda iska ke kaɗowa, a bar tsaga daga sama, a ɗage da safe. Abin da ke yin ɓarna shi ne a naɗe ɗaki da leda ruf, sannan a kunna gawayi a ciki don 'yan tsaki. Gaskiya ne suna bukatar ɗumi, wajen digiri 32 zuwa 35 a makon farko, amma gawayi a rufaffen wuri iskar yake cinyewa, a wayi gari a tarar da su kwance.

Sai cunkoso. Ɗakin da aka yi wa kaji goma, bayan wata shida talatin ne a ciki, don sun ƙyanƙyashe ko an ga araha a kasuwa. Manyan kaji huɗu zuwa biyar a kowace murabba'in mita, a nan a tsaya. In sun wuce haka sai tsattsagar juna da cire gashi da fasa ƙwai su fara. A yi musu sandar kwana, kowace kaza ta sami kamar santimita 25, da akwatin ƙwai ɗaya ga kaji huɗu ko biyar a gefe mai duhu.

Ƙasan ɗaki nake ganin an fi yi wa rowa. A bar shi turɓaya, daidai da tsakar gida ko ma ya fi ta zurfi, ruwan wanke-wanke ya gangaro ciki. Danshi da kashin kaji in sun haɗu, kashin jini ke biyo baya, ga warin da ke sa ido hawaye. In ka sunkuya daidai tsayin kaza ka ji warin ya buge ka, su da ke kwana a ciki sun daɗe da jigata. A ɗaga daɓen ya ɗara ƙasar waje da taƙi guda, a yi masa siminti da ɗan gangare zuwa ƙofa, a zuba ɓuntun shinkafa ko ɓarɓashin katako kaurin santimita 5 zuwa 10. Mazubin ruwa a ɗora shi kan bulo, duk inda ya jiƙe a kwashe nan take. Simintin nan kuma shi ke hana gafiya haƙowa ta ƙasa.

Wayar kaji mai laushi da ake sayarwa a nannaɗe kaji kawai take tsarewa. Muzuru ko kare na iya yaga ta, ɓera da ƙaramin maciji kuwa ta ramukanta suke wucewa. Aƙalla mita ɗaya na ƙasa a sa waya mai kauri mai ƙananan ido, rabin inci. A duba tsakanin kwano da bango da ƙarƙashin ƙofa, nan ne mashigar da ake mantawa. Filin da 'yan tsaki ke shan iska kuma a rufe samansa saboda shaho da shirwa.

Akurkin ƙasa irin na iyayenmu yana da sanyi, ba abin rainawa ba ne. Aibinsa biyu: ƙofar da hannu kaɗai ke shiga, don haka ba ya sharuwa, da tsagogin bango inda kaska da ƙuma ke ɓuya da rana su fito shan jini da dare. A yaɓe tsagogin, a shafa farar ƙasa, a ajiye kwanon toka da yashi kaji su yi birgima. Ɗakin zamani ma a yi masa ƙofar da mutum zai shiga da shebur ba tare da rarrafe ba. Wurin da ke da wuyar shiga ba mai share shi.

Kusan ba wanda ke tanadar keji na biyu, alhali shi ne mafi arha a duk aikin. Kazar da aka sayo a kasuwa ko aka kawo kyauta ta yi mako biyu a cikinsa, nesa da sauran, haka ma wadda ta fara rurrufe ido. Cutar Newcastle, wadda ke share kajin unguwa lokacin hunturu, sau da yawa ta baƙuwar kaza take shigowa, kuma murar tsuntsaye da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006 ta sha dawowa tun daga lokacin. Agwagi da tattabaru a raba musu makwanci da kaji. Rigakafin Newcastle mai suna Lasota, irin wanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ke yi, a nemi malamin dabbobi ya tsara lokutansa tun kafin a zuba kajin farko.