Yadda za ka yi wa karenka rigakafi

Da farko ka san watannin kwikwiyon. Daga sati 6 zuwa 8 ake fara masa allurar parvo, cutar da ke sa gudawar jini, da ta distemper, cutar da ke sa zazzaɓi da tari da farfaɗiya, a maimaita bayan sati 3 ko 4. Ta haukan kare kuwa sai ya cika wata 3.

Kamar kwana goma kafin allura, ka ba shi maganin tsutsar ciki. Idan yana amai ko ya ƙi abinci, a jira ya warware tukuna.

Ranar tafiya ka ɗaure shi da igiya, in mafaɗaci ne ka sa masa takunkumi, ka nufi asibitin dabbobi. A nan fa ka buɗe ido: sai ka ga an ciro kwalbar allurar daga firji ko kula mai ƙanƙara. Wadda ta sha rana a teburin kasuwa ba ta da maraba da ruwa, kuɗinka kawai za ka zubar.

Karɓi katin shaida, ka adana shi inda yara ba za su yaga ba. Ɗan kumburi a wajen allurar ko kasalar kwana ɗaya ba komai ba ne. Badi war haka ka mayar da karen a maimaita masa allurar.