Yadda Ake Karanta Ƙwayoyin Garkuwar Jiki a Ƙullutun Sarkoidosis

A cutar sarkoidosis, ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke taruwa su dunƙule su zama ƙananan ƙullutu da likitoci ke kira giranuloma, kuma a kusan kashi 90 cikin 100 na masu cutar, huhu ko kaluluwar cikin ƙirji ne ke kamuwa. Mai duba ɗan naman da aka ɗebo daga majiyyaci zai fi gane abin da ke gabansa idan ya bi ƙwayoyin daki-daki.

Da farko a rina naman da hematoksilin da iyosin, wato rinin da ke fito da siffar ƙwayoyi, a dube shi gaba ɗaya a madubin likita. A huhu, ƙullutun kan jeru ne a gefen hanyoyin iska da jijiyoyin jini, kowannensu a tattare, da iyakarsa a fili.

Daga nan sai a ƙara girman hoton, a fara daga tsakiya. Nan ne makarofaj suke, wato ƙwayoyin da aikinsu haɗiye baƙin abu, amma sun canza kama sun manne wa juna, wasu ma sun haɗe sun zama ƙatuwar ƙwaya mai cibiyoyi da yawa. Waɗannan makarofaj suna iya ƙara wa bitamin D ƙarfi, shi ya sa sinadarin kalsiyam ke hauhawa a jinin wasu majiyyata. A tsakaninsu akwai limfosait, wato wasu fararen ƙwayoyin jini na garkuwar jiki, nau'in CD4, masu fitar da sinadarin intaferon gama da ke ci gaba da zuga makarofaj, yayin da nau'in CD8 suka fi yawa a gefe. Idan an wanko ruwan huhu aka samu CD4 sun ninka CD8 fiye da sau 3.5, zaton cewa sarkoidosis ce ya ƙara ƙarfi.

A duba gefen ƙullutun kuma: zaren kolajin (sinadarin da jiki ke gina tabo da shi) mai kauri alama ce ta tabo ya fara kafuwa.

Matakin da bai kamata a tsallake ba, musamman a Najeriya da Nijar inda tarin fuka ya yawaita, shi ne a tabbatar tsakiyar ƙullutun ba ta ruɓe ta yi kama da cuku ba, kamar yadda ake yawan gani a tarin fuka, sannan a yi rinin Ziehl-Neelsen da gwajin GeneXpert don neman ƙwayar cutar tarin fuka, a kuma yi rinin neman ƙwayoyin fungas. Rashin ruɓewa kaɗai ba ya kore tarin fuka, kuma idan aka ba mai tarin fuka firedinisolon, maganin da ake ba masu sarkoidosis, bisa kuskure, maganin zai danne garkuwar jikinsa, cutar ta bazu.