Yadda ake haɗa rediyo mai kaset a kwale-kwale

Mu a Kano galibi sai an je dam, kamar Tiga ko Challawa, ake shiga kwale-kwale, amma kayan haɗin duk suna kasuwar Sabon Gari: rediyon mota mai kaset, fis, waya da salatif.

1. Nemi wuri mai rufi inda feshin ruwa ba ya kaiwa, ka ɗaure rediyon tamau.

2. Batirin ya zama mai volt 12. Jar wayar rediyon da rawayar su tafi kan batir mai alamar +, ka sa fis dab da batirin. Baƙar wayar ce ke rikita mutane. A mota jikin ƙarfe ake ɗaura ta, shi kuwa katakon kwale-kwale wutar lantarki ba ta bi ta jikinsa, don haka kai ta kan mai alamar − kai tsaye.

3. Naɗe kowace mahaɗa da salatif, laima na cin waya.

4. Ɗaga eriya ka lalubo tasha.

In ya ƙi tashi, fis za ka fara dubawa. In murya ta dushe ko yana tauna kaset, galibi datti ne, balle da hunturu: jiƙa auduga da sifirit, ka goge kan da ke karanta kaset da 'yar robar da ke jan zaren. In ka sauka, cire kan batir.