Kurakuran masu juyen baƙin mai da ke sa inji ya buga

Yawancin ɓarnar da ake yi wa mota wajen juye ba ta bayyana a ranar. Sai bayan wata biyu ko uku mai mota ya dawo yana cewa, "Maigida, tun da kuka taɓa ta take ƙara."

Babban kuskuren shi ne zuba mai kauri mai lamba 20W-50 a duk motar da ta shigo gareji. Hujjar kullum ɗaya ce: Kano akwai zafi, mai kauri ya fi riƙe inji. Gaskiya ne a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, amma injin da lagireto da fankarsa ke aiki kusan digiri 90 yake zama, ko bazara ko hunturu. Tsohuwar Fijo 504 da J5 ba su ƙi mai kauri ba. Corolla da Accord na baya-bayan nan kuwa mai marar kauri irin 5W-20 ko 0W-20 aka ƙera su da shi, hanyoyin mansu matsattsu ne. In ka ɗura musu mai kauri, da safe sai ya daɗe bai kai saman inji ba, ƙarfe na cin ƙarfe. Duba murfin da ake zuba man, sau da yawa lambar tana jikinsa. In babu, duba littafin motar.

Sai filta. Wasu su sauya mai su bar tsohuwa don mai mota ya ji sauƙin kuɗi, alhali dattin yana cikinta. Wasu kuma su cire ta, robarta ta maƙale a jikin inji ba su lura ba, su ɗaura sabuwa a kai. Roba biyu kenan, kafin motar ta kai Gyaɗi-Gyaɗi man ya tsiyaye. Shafa wa sabuwar robar ɗan mai, ka ɗaure da hannu, ban da sifana.

Notin ƙasa da ake kwancewa a juye mai ma ba wurin gwada ƙwanji ba ne. Kaskon wasu motocin alminiyam ne, da ka matse fiye da kima haƙoransa sun cinye.

Kada ka cika mai har ya wuce alamar sama a sandar awo, kumfa zai yi. Tayar da injin kaɗan, ka kashe, ka jira minti 5 a wuri mai shafe, sannan ka auna.

Man giyar CVT, wata irin giya otomatik, daban yake da ATF, man giya otomatik da aka saba, ko da mai shago a Ƙofar Ruwa ya rantse maka duk ɗaya ne. Galan ɗin da ka ga hatimin murfinsa a ɓalle, ko kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na ko'ina, bar masa kayansa.

Tsohon man da ka juye kuma tara shi a duro, akwai masu zuwa saye. Wanda aka tuttular a kwata, damina na sauka ruwa zai kwashe shi zuwa ƙofar gidajen maƙwabta.