Darasi na 9: Gane jabun ƙwayar ado da anka saya ta waya

Wanga darasi na mata ne galibi, amma mazan da ke haɗa lefe su ma su matso kusa don kuɗɗinsu ne ke tafiya. Yanzu a Sakkwato in kinka buɗe WhatsApp ko kinka shiga Instagram da TikTok ba abin da za ki fara cin karo da shi sai masu tallar abin hannu mai ƴan ƙwayoyin ado, wata siffar zuciya, wata fure, wata harafin farko na sunanki, ana zura su ɗaya bayan ɗaya har abin hannun ya cika, kuma kowace mai talla rantsuwa takai nata orijinal ne daga Dubai ko Landan anka kawo shi. To mu ba mu hana kowa sayen kwafi ba, wadda ta sayi kwafi tana sane ta biya kuɗɗin kwafi ta sa a biki ta yi kyau ba ta yi laifin komai ba. Abin da muka zo koyo shi ne kar a karɓe maki kuɗɗin na gaske a miƙo maki tagulla da anka shafa wa ruwan azurfa.

Wa ke yin su?

Kamfanin da ya fi suna wajen waɗanga ƙwayoyi shi ne Pandora, kuma shi anka fi yi wa jabu. Kamfanin ƙasar Denmak ne, wani maƙerin zinari mai suna Per Enevoldsen da matarsa sunka kafa shi a birnin Kofanhegan a 1982, shi kuma abin hannu mai ƙwayoyi a 2000 sunka fara fito da shi. Amma ƙirar kayan galibi a Tailan ake yi, don haka in mai talla ta ce maki nata a Italiya anka ƙera ko a Saudiyya, kin ga tun nan magana ta fara karkacewa. Akwai kuma wasu da ake kwaikwayo sosai, irin furen nan mai ganye huɗu na Van Cleef & Arpels da ya cika gari yanzu, da abin hannun Cartier mai alamar kan kusa, su biyun kamfanonin Faransa ne kuma zinari suke aiki da shi, na gaskensu dubban daloli ne, saboda haka wanda kinka gani ana bada sarƙa da ƴan kunne da abin hannu duka a naira dubu takwas ba sai an kai shi wurin kowa ba, ke ma kin san amsa.

Karatun lamba

Nan ne karatunmu zai yi muna rana. Ki ɗauki ƙwayar ki juya ta, a gefe ko bakin ramin da ake zura ta akwai ƴan ƙananan rubutu da anka buga, in ido bai gani ki buɗe kamarar waya ki jawo hoton ya ƙara girma, a tsakar gida cikin hasken rana ba cikin ɗaki ba.

925 na nufin azurfa. Wato in anka raba ƙarfen kashi 1,000, kashi 925 azurfa ce tsantsa, sauran 75 galibi jan ƙarfe ne da ake ƙarawa don azurfa zalla laushi gare ta, ba ta jure aiki. 585 zinari ne mai karat 14. 750 karat 18. 875 karat 21, shi ne wanda alhazai sunka fi sawo muna daga Makka. 916 karat 22.

A kayan Pandora na azurfa za ki ga S925 ALE, na zinari kuma G585 ALE. Haruffa ukun nan ALE daga sunan mahaifin mai kamfanin anka ɗauko su, Algot Enevoldsen. Tsofaffin kaya na kafin 2011 kan zo da 925 ALE kawai ba S a gaba, wasu kuma da anka yi wa rufin zinari a kan wani ƙarfe za ki ga an rubuta MET. Akwai ɗan kambin sarauta da suke ɗora wa harafin O na sunansu, amma a 2019 sun sake fasalin tambarin, don haka rashin kambi a kwali ba hujja ba ce kan kowa.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan mutane sunka fi faɗawa. In babu wagga lamba sam a jikin ƙwayar to kusan an gama magana, jabu ce. Amma in akwai ta, ba a gama komai ba, don mai yin jabu shi ma ya iya karatu, ƙarfen buga ALE ba wuyar samu gare shi ba. Abin dubawa shi ne yadda anka buga ta. Ta gaske haruffan tsaf suke, girmansu ɗaya, zurfinsu ɗaya, kan layi guda. Ta jabu sai ki ga L ta kwanta, 9 ta cushe kamar 8, ko rabin rubutun ya nutse rabi bai fito ba. Haka kwali da leda da ɗan katin garanti, wallahi duk ana sayar da su daban a sari, kar farin kwali mai kyau ya ruɗe ki, ba kwalin za ki sa a hannu ba.

Abin da hannu da ido ke faɗi

Ki aza ƙwayar a tafin hannu. Azurfa nauyi gare ta, ta fi tagulla, ta fi su sanholo nesa ba kusa ba, in kina da wata da kinka tabbatar ta gaske ce mai girma ɗaya ki riƙe su hannu biyu za ki ji bambanci. Sannan ki leƙa cikin ramin. Da yawa daga ƙwayoyin Pandora na da zare a ciki irin na noti, murɗa su akai su wuce kan abin hannu, ba duka ba, akwai masu shiga sulɓi haka nan. In mai zare ce ki duba ko zaren ya fito sumul ko kuwa kaushi gare shi yana cije wa. Cikin rami ne mai jabu ya fi yin ha'inci don ya san ba kowa ke leƙawa ba, sau da yawa can za ki hango launin ja ko rawaya inda ruwan azurfar bai kai ba. In akwai ƴan duwatsu masu ƙyalli ki bi su da farce a hankali, na gaske ƙarfen ne ya riƙe su da ƴan haƙora, na jabu gam ne, har za ki ga ya ɓullo ta gefe ya bushe, wani dutsen ya fi wani tudu.

Sai maganaɗisu. Azurfa da zinari ba su bin shi, in ƙwayar ta yi tsalle ta manne to baƙin ƙarfe ne a ciki. Amma kar ki yi guɗa don ba ta manne ba, tagulla ma ba ta bi, kuma da ita anka fi yin jabun. Kuma makullin abin hannu na gaske kan ɗan motsa saboda ɗan sifirin da ke ciki, don haka jikin ƙwayar za ki gwada ba makulli ba.

Wani abu da ke sa mata zargin mai gaskiya: azurfa ta gaske tana dishewa, har baƙi takai in ta daɗe, musamman in tana shan turare da hayaƙin turaren wuta. Ki goge ta da ƙyalle mai laushi za ki ga baƙi a jikin ƙyallen ita kuma ta koma fes. Jabu ba dishewa kaɗai takai ba, saɓulewa takai, rufin ya tashi jan ya fito, ta bar maki kore a wuyan hannu, wata har ƙaiƙayi da ƙuraje in akwai nikel a ciki. Zafin garin nan namu kuwa na watan Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40, zufa ba ta rufa wa jabu asiri, wadda za ta yi shekara a ƙasar sanyi nan ba ta kai wa babbar Sallah. Kuma don Allah kar a bar yara na tsotsar irin waɗanga, wasu na araha ana samun dalma a cikinsu, mu kuwa maƙwabtan Zamfara ba sai an ba mu labarin gubar dalma ba, a 2010 yara sama da 400 ta kashe a ƙauyukan da ake niƙa dutsen zinari cikin gida.

Wurin maƙeri

Duk gwajin nan na gida shaida ce kawai, mai yanke hukunci maƙerin farfaru ne ko mai shagon gwal, kuma ba mu rasa su ba a Sakkwato, ki shiga Babbar Kasuwa ki tambayi layin masu gwal. Abin da zai yi shi ne ya fara aza ta a ƙaramin sikelin nan na giram. Sai ya nemi izininki ya ɗan karce wani lungu da ba a gani da magagari, don rufin sama na iya zama azurfa ta gaske ciki kuma wani abu daban. Sai ya ɗiga ruwan asid kan wurin, ɗigo ɗaya tak. In ya yi fari-fari kamar madara azurfa ce, in ya tafasa ya yi kore tagulla ce. Zinari kuma goga shi yakai a baƙin dutse ya bar layi, ya ɗiga asid a kan layin, in layin ya ɓace bai kai karat ɗin da anka rubuta ba. Kar wadda ta ce za ta gwada da ruwan batir a gida, ba shi ba ne kuma ƙona hannu yakai.

Sai dai ki riƙe wannan, maƙeri ƙarfe zai faɗa maki ba kamfani ba. Akwai kwafin da azurfa ce ta gaske amma ba Pandora ta yi ba, to wagga kuɗɗin azurfarta da ladan ƙira za ki biya, ba kuɗɗin suna ba.

Kafin ki tura kuɗɗi

Gaskiya duk abin da munka faɗi a sama bayan kaya sun iso ne, kuma in kin riga kin yi taransifa mai talla ta toshe lambarki sanin jabu ne bai maido maki ko sisi. Shi ya sa wanga ɓangare ya fi sauran muhimmanci. Ki fara da farashi. Ƙwayar azurfa ɗaya a shagon kamfanin ba kasafai take yin ƙasa da dala 30 ba, da yawa sun fi haka, dala kuma tun 2024 ta haura naira 1,000, ki lissafa da kanki kafin a sa kuɗɗin jirgi da riba. Mai ba ki ita a naira 3,500 ta ce bonanza ce ko kwastan ne sunka yi gwanjo, ki tuna araha ba ta ado. Sannan hoto, in hoton da ta sa mai farin bango ne tas irin na kamfani to ɗauko shi ta yi, ki ce ta ɗauki kayan a hannunta ta yi maki bidiyo. Ga misalin yadda za ki yi magana, mutum biyu su tashi su karanta:

Mai saye: Salamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya kasuwa? Wagga mai zuciyar nawa take?

Mai sayarwa: Lafiya lau ƙanwata, dubu arba'in ce, orijinal ce wallahi, saura biyu kacal ki yi sauri.

Mai saye: To Hajiya don Allah ki yi min bidiyonta a hannunki, ki juyo inda anka buga lamba in gani, kuma giram nawa ce?

Mai sayarwa: Haba ke kuwa, ba ki yarda da ni ba? Ki turo rabi tukuna.

Mai saye: Ba rashin yarda ba ne Hajiya, ba a cinikin biri a sama. In kina cikin gari mu haɗu shagon mai gwal a gwada in biya nan take, in kuma daga Kano ko Legas za a sako ta a mota to mu yi sharaɗi a rubuce, in anka gwada ba azurfa ba ce za ki maido min kuɗɗina.

Mai gaskiya ba ta jin haushin wagga magana, wata ma ita za ta ce a je. Wadda ta hau faɗa ko ta yi ta cewa saura biyu saura ɗaya tana hanzarta ki, ki yi mata sai an jima. Ki duba kuma sunan da ya fito a akawun lokacin turawa, ya yi daidai da na mai kayan? In ya bambanta ki tambayi dalili. Ki ajiye hoton hirarku da rasit na taransifa kar ki goge, don in abu ya ɓaci da su za ki je banki da wuri ki kai ƙara, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da ke karɓar koke, duk ba mai saurarenki da fatar baki kawai.

Aikin aji

1. Ki rubuta lambobin nan a littafinki, gaban kowace ki sa abin da take nufi: 925, 585, 750, 875, 916.

2. Ƙwaya mai nauyin giram 4 an buga mata 925. Giram nawa ne azurfa tsantsa a ciki? Ki ninka 4 sau 925 ki raba da 1,000.

3. In ƙwaya dala 40 ce, mu ɗauka dala naira 1,500, nawa ke nan a naira? Wata ta ce za ta ba ki ita a naira 5,000, mi za ki ce mata?

4. Ƙwaya ba ta bi maganaɗisu ba. Wanga ya isa a ce azurfa ce? Ki faɗi dalili da bakinki.

Aikin gida kuma, kowa ta zo ranar darasi na gaba da zobe ko ɗan kunne ko kan sarƙa ɗaya daga cikin nata, ta kwafo rubutun da ke jiki a takarda, wadda ba ta ga rubutu ba ta rubuta babu. Malama za ta zo da maganaɗisu, wadda ke da waya mai kamara mai kyau ta taimaka ta zo da ita da caji.